Bazazzagi, Wa Ya Biyo Ka?

Bazazzagi, sannu da gudu, sannu da wuya. Hotuna sun iso gaba ɗaya, har da wanda ka ciji lambar yabon da haƙori kana kallon sama, da wanda aka naɗe ka cikin ledar nan mai ƙyalli, ido ya faɗa, baki a buɗe. Na zagaya da su majalisarmu ta bayan La'asar. Tambayar kowa ɗaya ce: wa ya biyo shi? Na ce ba kowa. Aka ce to nawa aka ba shi? Na ce ai shi ya biya, kuma sai da aka yi ƙuri'a ma kafin a yarda a karɓi kuɗin nasa. Wani dattijo ya sauke kofin shayi daga baki ya ce, "Mutumin ina ne?" Na ce Zariya. Ya ce, "Af, to," ya ci gaba da shan shayinsa.

Tunda ka cika wayoyin dangi da labari, kowa kuma da irin gishirin da ka zuba masa, bari ni ubangidanka in faɗa wa jama'a yadda aka yi. Kada ka yi musu, ina da majiya a cikin gidanka. Ka manta 'yar Kano muka ba ka aure don tausayi.

Abin da bawan nan nawa ya shiga shi ne gudun fanfalaki na rabin zango da ake yi duk watan Satumba a arewa maso gabashin Ingila, wanda suke kira Great North Run. Ana tashi daga birnin Newcastle, a haye gadar kogin Tyne a faɗa Gateshead, a miƙe har South Shields a bakin teku. Brendan Foster ne ya ƙirƙiro shi, ɗan tseren da ya ciyo wa Birtaniya tagulla a gudun mita 10,000 a gasar Olamfik ta 1976. An fara a watan Yunin 1981 da mutum kimanin 12,000. Yanzu wajen 60,000 ake ɗauka, masu nema kuma sun fi gurbin yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa ake ƙuri'a. Wato akwai dubbai da suka roƙi a ba su wahalar nan aka hana su, suka kwana da baƙin ciki. Kai da ka samu, kirana ka yi da tsakar dare kana murna, na ɗauka haihuwa aka yi.

Tsawon hanyar kilomita 21 ne da mita 97 da rabi. Kada ka yar da 'yan mitocin nan, an ce su suka fi gasa maka aya a hannu. In a gida ne, ka tashi daga Ƙofar Doka, ka bi ta Kwangila, ka wuce Samaru ka nufi Shika, to kusan haka. Da gangan na zaɓi Shika, don a can asibitin koyarwa yake, kana isa sai a zarce da kai ciki kawai. Rabin cikakken zango ke nan, mai kilomita 42 da mita 195, adadin da aka gada daga Olamfik ta Landan ta 1908, aka tsayar da shi doka a 1921. Asalin abin kuwa labari ne na Girkawa, wai wani manzo ne ya taso a guje daga fagen fama na Marathon zuwa birnin Athens, shekara 490 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sanar da nasara, ya faɗi matacce. Ko gaskiya ne ko ƙari, shi dai da saƙo a bakinsa. Kai wane saƙo ka kai South Shields? Me mutanen garin suka ji daga bakinka ban da "ruwa, ruwa"?

Duk da haka ban ga laifinka ba, gado ba ya ɓuya. Zamanin jihadi, da Sarkin Zazzau Makau ya bar Zariya, bai tsaya ba sai Zuba, ɗan'uwansa Abu Ja kuma ya kafa Abuja ta asali a 1828, wadda yau ake ce wa Suleja. Ku kaɗai na sani da kuka yi gudu har ya haifi gari, garin kuma ya ara wa babban birnin ƙasa suna. Na san me za ka ce tun kafin ka buɗe baki: Alwali fa? To, Sarkin Kano Alwali da ya fita, ina ya nufa? Zariya. Ko mu da gudu ya kama mu, wurin masu sana'ar muka je.

Mu zo kan shiri. Bakano in zai fara sana'a da ɗan jari yake farawa, in ta karɓe shi ya ƙara. Kai kafin ka yi taku ɗaya sai da ka sayi takalmi mai farantin kabon a cikin tafinsa, irin wanda ya ta da ƙura bayan Nike ta fito da Vaporfly a 2017, har hukumar guje-guje ta duniya ta kafa doka a 2020 cewa kaurin tafin takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40. Takalmin yana taimako, ba ƙarya, yana rage wa mai gudu ƙarfin da yake kashewa a kowane taku. Amma fa sai akwai gudun. Abebe Bikila na Habasha ya lashe cikakken zango a Olamfik ta Rum a 1960 ƙafa ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15. Kai kuwa ka haɗa da agogo mai ƙirga bugun zuciya, da ɗamara mai aljihu da ake jera 'yan ledojin zaƙi a ciki, da wani gajeren wando wanda in ka fito da shi a Tudun Wada sai yara sun raka ka gida da tafi.

Ranar farko, in ji majiyata, ka fita bayan Asuba cikin sanyin nan na Newcastle mai shiga har ƙashi. Ka yi sallama da iyali, ka ce a yafe maka. Ta leƙa ta taga ta ga ka tashi da ƙarfi, ƙirji a gaba. Kafin ruwan shayi ya tafasa ta sake leƙawa, sai ga ka a ƙarshen layi rungume da falwaya, wata tsohuwar Baturiya da ta fito da karenta tana tambayarka ko ta kira motar asibiti. Agogon nan mai tsada kuwa sai ƙara yake, yana sanar da unguwa halin da zuciyarka ke ciki.

Amma ka koma washegari. Wannan zan faɗa sau ɗaya, kada ka saba. Wani mai tausayi ya gaya maka abin da duk 'yan harkar suka sani, cewa sabon shiga ba da wuta yake farawa ba. Gudu kaɗan, tafiya kaɗan, har jiki ya yarda. Yawancin atisayen a hankali ake yin sa, yadda mutum zai iya hira yana gudu. Sau ɗaya a mako a yi doguwar fita, ana ƙara mata nisa sannu-sannu, masu horarwa sukan ce kada ƙarin ya wuce kashi goma cikin ɗari a mako. Dalili kuwa, zuciya da huhu suna da saurin sabo, amma jijiya da gaɓa da ƙashi sai sun ɗauki watanni. Duk wanda ya biye wa numfashinsa ya yi gaggawar ƙara nisa, ƙwauri ko gwiwa ko agara ne za su kai shi ƙara. Kai da ka ji an ce "yadda za ka iya hira", shi ke nan ka samu hujja. Kana gudu kana kirana, ina jin haki ina jin iska, kana ba ni labarin yadda Zariya ta fi Kano malamai. Na bar ka ne don katinka ke ƙonewa, ba nawa ba.

Sashen da ka fi ƙwarewa a kai shi ne na ƙarshe, inda ake cewa saura mako biyu a rage gudu a huta, jiki ya murmure. Wannan ko malami ba ka nema ba. Sai kuma batun ci. Jiki yana ajiye makamashinsa a tsoka da hanta, abinci mai sitaci kuma, taliya ko shinkafa ko dankali, shi ke cika ma'ajiyar, don haka ake cewa a ɗan ƙara shi kwana ɗaya ko biyu kafin tsere. Ɗan ƙari aka ce. Kai ka mai da mako guda cur daren cika-ciki. An kuma yi gargaɗi, kada a ci abu mai nauyi ana gobe, kada a gwada sabon abu ranar. Ka sa aka dafa maka faten tsaki da yakuwa da gyaɗa, ka ce shi ne sirrin Zage-zagi, ka yi ƙari, ka suɗe kwano. Da safe sirrin ya tonu, a layin bandakunan roba da aka jera a bakin hanya, inda aka ce kana fitowa ka sake komawa ƙarshen layi.

Ranar Lahadi ake yi. Ana rufe babbar hanyar mota da ta ratsa tsakiyar Newcastle, a zuba mutane a kanta iya ganin ido. Ba a cakuɗe ake tashi ba. Masu tseren keken guragu da ƙwararrun mata su ke fara wucewa, sai ƙwararrun maza, sannan sauran jama'a rukuni-rukuni, kowa da launin lambar ƙirjinsa gwargwadon lokacin da ya ce zai iya. A jikin lambar akwai 'yar na'ura wadda ba ta fara ƙirga wa mutum lokaci sai ya taka layin farawa, don haka ba a cuci na baya ba. Sai dai na bayan yana shan tsayuwa, ana matsawa taku-taku, kafin ya taka layin na gaba sun hango teku. A can bayan kake. Amma ka ce wa Inna a waya, "Tare da zakarun duniya muka yi gudu." Tare kamar yaya? Mo Farah ya lashe tseren nan sau shida a jere, daga 2014 zuwa 2019, a nan kuma ya yi na bankwana a 2023 ya zo na huɗu. Brigid Kosgei ta Kenya, mace, ta cinye hanyar cikin awa 1 da minti 4 da daƙiƙa 28 a 2019. Irin waɗannan, kana can kana gyara igiyar takalmi su sun yi wanka sun canja kaya. Kwalta kuka haɗa, ita kaɗai.

Farkon hanyar gangara ce zuwa gada. Ga kiɗa, ga ihun 'yan kallo, ga jiragen Red Arrows na sojan saman Birtaniya da kan keto ta saman gadar suna fesa hayaƙi ja da fari da shuɗi. Duk wanda ya taɓa yi yana jan kunne: kada gangarar nan ta ruɗe ka, bashin da ka ci a nan da ruwa za ka biya shi a gaba. Lissafin a fili yake. Mai son gamawa cikin awa 2 sai ya riƙe minti 5 da daƙiƙa 41 a kowace kilomita tun daga farko har ƙarshe, gwanaye ma sukan fara a ɗan sanyaye, sai an raba hanya biyu su ƙara wuta. Kai kuwa ka rubuta sunanka ɓaro-ɓaro a ƙirjin riga don Turawa su yi maka kirari. Suka karanta shi a karkace, duk da haka kanka ya kumbura, ka saki linzami. Ka haye gadar Tyne hannu biyu a sama. Ka wuce filin wasa na Gateshead kana murmushi. Daga nan hotunan suka fara canja fuska.

Tsakiyar hanyar babu abin kallo. Titi ne mai faɗi, shataletale bayan shataletale, da hawa mai laushi wanda ido ba ya gani amma cinya tana ji. A nan mutanen unguwanni ke fitowa bakin titi da faranti, wannan alewa, wancan yankakken lemu, wata ƙanƙara mai zaƙi, wani kuma da tiyo yana fesa wa masu gudu ruwa. Wannan hali nasu ya burge ni, ba wanda ya sa su, ba kuma wanda zai biya su. Amma an yi abin ne don mutum ya ɗauki ɗaya ya wuce. An ce kai tsayawa kake ka gaisa, ka tambayi iyali, ka zaɓa. Da ka iso inda wasu ke miƙa giya a ƙananan kofuna ka kau da kai, Allah ya yi maka albarka, ko da yake an ce sai da ka tambaye su ko akwai kunun zaƙi.

Da yawa daga masu gudun nan kuɗi suke tara wa ƙungiyoyin agaji, shi ya sa wasu ke yin shigar ban dariya don a lura da su. Akwai wani mutumin yankin da ya yi suna, ana ce masa Tony the Fridge, don da firji goye a baya yake gudu. Ban ce shi ya wuce ka ba. Amma 'yar'uwata matar taka tana tsaye a ƙarshen hanya, da idonta ta gani: ayaba ta riga ka isowa. Mutum ne cikin rigar ayaba tun daga ka har gwiwa, fuska kawai a waje, yana gumi yana ɗaga wa yara hannu. Bayan ayaba sai wasu dattawan mata biyu masu furfura, suna tafe suna hirarsu. Aka jima. Sannan kai.

Ta ce ba ta gane ka ba da farko, kuma ban ga laifinta ba. Bayan kilomita ta 17 akwai wani dogon hawa, daidai inda ƙafa ta gama ba da abin da take da shi. Daga ƙarshensa hanya ta sulale ƙasa, teku ta bayyana, mutum ya ce Alhamdu lillahi, an zo. Ba a zo ba. Sai an karya hagu an bi gaɓar teku kusan kilomita 2, jama'a maƙil dama da hagu, kunya ba za ta bar ka ka koma tafiya ba. Alluna suna cewa saura mita 800, saura 400, saura 200, kai kuma kana rantsuwa wani ne ke matsar da su gaba. A nan aka ɗauki hoton da na fi so, wanda ba ka turo ba, ita ta turo. Wuya ya karkace, hannu ɗaya dafe da ƙugu, ga jan tabo biyu a ƙirjin farar riga. Ba harbi ba ne, jama'a. Riga ce ta yi ta gugar kan nono har ya fashe. An ce masa ya shafa basilin ko ya manna filasta, ya ce shi namiji ne.

Bari in ajiye wasa gefe tukuna, saboda masu karatun da za su ce in Bazazzagi ya iya ai kowa ma ya iya. A 2005, ranar da aka yi ɗumi fiye da yadda aka saba, mutum huɗu suka rasu a tseren nan. Wanda ya haura arba'in, ko yake da hawan jini ko ciwon suga ko wani abu a ƙirji, ya ga likita kafin ya ga mai takalmi. Ruwa ma da ƙa'idarsa. Rashinsa illa ne, amma ɗura shi fiye da kima yana tsinka gishirin jini, ya kawo jiri da ruɗewa, har ya kai ga halaka, kuma ya fi kama masu jan ƙafa, waɗanda ke daɗewa a hanya suna yada zango a kowane teburin ruwa. Ka san da wa nake.

Sai lokaci. Ka ce min "awa biyu da wani abu". Na bincika, wani abun nan ya kusa awa guda. To ga labari. A watan Afrilun 2025 an yi irin wannan tsere a Beijing ta ƙasar Sin, aka sa mutum-mutumi 21 masu ƙafa biyu suka yi gudu a gefen 'yan Adam. Shida suka kai ƙarshe. Na gabansu, mai suna Tiangong Ultra, ya gama cikin awa 2 da minti 40 da daƙiƙa 42, bayan an canja masa batir sau uku, ya kuma faɗi sau ɗaya an tashe shi. Duniya ta yi ta dariya, ana cewa da sauran ƙarfe kafin ya kamo mutum. Ba su san da kai ba.

Lambar da kake ta cizo kuwa, kowa aka ba, muddin ya taka layi. Ayaba ma tana da tata. Ka kuma juya ta ka duba da kyau, don a 2025 sai da masu shirya tseren suka fito suka ba da haƙuri, saboda taswirar da ke jikin lamba da rigar shekarar ba ta Newcastle da kogin Tyne ba ce, ta Sunderland ce da kogin Wear. Tsakanin garuruwan nan biyu kuwa abin da ke tsakanina da kai ne, sai dai nasu in an zo ƙwallo babu dariya a ciki. Ka ƙaddara ka yi gudu a Zariya an rataya maka Dutsen Dala a wuya. Kai ɗaukaka ce ta same ka, amma su can ba haka suka ɗauki abin ba.

Washegari da jibi aka yi ainihin bikin. Ciwon tsoka irin wannan ba a ranar yake zuwa ba, sai bayan kwana ɗaya ko biyu yake kai maƙura, gangara ce kuma ta fi jawo shi, don a nan cinya ke aikin birki. Majiyata ta ce da baya da baya kake saukowa daga bene, riƙe da ƙarfe, kana salati. Sallah a kujera, ruku'u da ishara. Farcen babban yatsa ya yi baƙi, yana shirin ƙaura. Da na kira ka, ka ɗauka da muryar majinyaci ka ce, "Kai, ƙafata ya mutu." Ko a bakin kabari Bazazzagi ba zai ba mace haƙƙinta ba.

Na so in tsaya a nan, amma 'yar'uwata ta ce in ban faɗi saura ba ta daina ba ni labari. To, tumbin ya sauka, har an kai riguna wurin tela. Minsharin da ke hana maƙwabta barci ya ragu. Likitan da ya daɗe yana yi maka faɗa kan hawan jini ya duba awo ya ce ka ci gaba da abin da kake yi. Kuɗin da ka bi mu ɗaya bayan ɗaya kana tara wa yara marasa lafiya, wanda na bayar ina gunaguni, sun isa inda aka nufa, har ka turo rasit. A duk harkar nan wannan ne kaɗai cinikin da na gane kansa. Ta ce kuma tun da ka fara ba ka ƙara makara sallar Asuba ba, don gudun a bayanta yake. Abin da wa'azin shekaru bai yi ba, gajeren wando ya yi. A ganina abin da ke tara dubban mutanen nan ke nan. Ba wanda ya je don ya kamo Farah. An sa wa mutum rana ne, ya biya kuɗi, ya shelanta wa duniya, kunya ta hana shi fasawa, sai ya wayi gari ya yi watanni yana motsa jiki. Da cewa aka yi ka riƙa zagaya unguwa kyauta don lafiyarka, da ko mako ba ka rufa ba. Bazazzagi sai an yi masa taro.

Yanzu kuma na ji sabon zance, wai in ka dawo gida za ka shirya irinsa a Zariya, a tashi daga ƙofar fada a bi ta gindin ganuwa. Ba kai ne farau ba. Legas tana yin cikakken zango tun 2016, Kaduna ma ta yi na kilomita 21 a watan Nuwamban 2020, 'yan Kenya suka zo suka kwashe kyautar suka tafi. 'Yan gida da kan taɓuka abin kirki galibi daga Filato suke fitowa, inda tudu ke horar da huhu tun yaro yana ƙarami. Ban taɓa jin an ambaci Tudun Jukun a lissafin ba.

Ga shawara kyauta, ko da yake ba halinmu ba ne. Ka sa shi cikin hunturu, a tashi da an sallame Asuba, kada ka kuskura ka kai shi Maris ko Afrilu. Ka nemi wanda zai auna hanya da keken awo, ba ɗan acaɓa ya ce "ai ya kai" ba. Sannan ka shimfiɗa tabarmar na'ura a wurare da dama a tsakiyar hanya, wadda za ta shaida kowa ya bi ta kanta. A Shenzhen ta Sin, a Nuwamban 2018, an kama mutum 258 da maguɗi a tseren rabin zango, mafi yawansu kyamarar titi ce ta ɗauke su suna kutsawa ta cikin shuke-shuken tsakiyar hanya suna faɗawa ɗaya hannun. Can ke nan. A Zariya, inda kowane lungu yake da ƙane, kowane mai adaidaita kuma ɗan'uwan wani ne, sai ka ga mutum ya tashi daga fada da tumbinsa da babbar rigarsa, ya iso ƙarshe cikin minti 40 ba ɗigon gumi, yana neman a naɗa masa kambun duniya.

Gayyatar da ka yi min kuwa, wai in zo mu yi tare baɗi, na karɓa. Zan zo. Ka kama min wuri a tsakiyar dogon hawan nan, inda na ji an ce mutum zai iya jinginar da gonar gado don kurɓi ɗaya. Zan kafa tebur da zoɓo mai sanyi da ruwan leda da basilin da filasta, da kujerar haya ga mai son ya zauna ya yi tunanin rayuwarsa. Kai zan yi maka ragi, amma ba bashi, don kuɗin sharar bara da na bana har yau ban gan su ba, kuma yanzu na san kana da na banza.